Tsoron da Ya Zauna a Jiki

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Ɗan'uwana mai karatu, bari in fara da laifina, gama shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata uwa ta same ni a bakin ƙofar majami'a. Ita da 'ya'yanta sun gudo ne daga wani ƙauye a ƙasar Maradun, bayan 'yan bindiga sun faɗa musu da tsakar dare. Wata bakwai ke nan tana zaune a Talata Mafara, a ɗakin da 'yan'uwa suka ba ta, ba kuwa wanda ya taɓa ta tun zuwanta. Ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, ba na barci. Da na ji ƙarar babur sai gabana ya faɗi, ƙafafuna su ƙi ɗaukata. Na yi addu'a, na yi azumi, abin ya ƙi tafiya. Ko Ubangiji fushi yake yi da ni?" Ni kuwa, da gaggawar mai wa'azi, na ce mata ta ƙara bangaskiya, na kuma ɗora mata azumin kwana uku. Ta yi godiya ta tafi. Lahadi uku a jere ban gan ta ba. Da matata ta je dubo ta, sai ta tarar ta rame, tana ganin mai tsoro irinta bai cancanci shiga ɗakin Allah ba. Ta zo mini da kaya ɗaya, na sallame ta da biyu, tsoro da kunya.

Tambayarta nake so mu duba tare. Idan hatsari ya wuce amma jiki ya ƙi yarda cewa ya wuce, rashin bangaskiya ke nan? In kuma mai bi ya nemi kwanciyar hankali ta hanyar numfashi, da barci, da motsa jiki, da taimakon likita, ya juya wa Allah baya ne, ko kuwa wata baiwa ce yake karɓa daga hannunsa?

Abin da ƙasar nan ta gani

Tambayar ta fi ƙarfin mace ɗaya. Duk wanda yake zaune tsakanin Mafara da Bakura da Maradun bai manta da shekarar 2021 ba. Ranar 26 ga Fabrairu, cikin dare, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta gwamnati da ke Jangebe, ba a sako su ba sai 2 ga Maris. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai sama da 70 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun. Ba a daɗe ba aka katse layukan waya a faɗin jihar, kasuwannin mako-mako kuma suna rufe, har uwa ta yi makonni ba ta ji muryar ɗanta da ke wani gari ba. Waɗannan ne jaridu suka rubuta. Ba su rubuta labarin manomin da ke sunkuye yana noma alhali kunnensa yana bakin daji ba, ko na yaron da ya bar fitsarin kwance tun yana shekara uku, ya kuma koma yi yana shekara tara. Dattawan yankin Bakolori ma za su gaya maka cewa firgici ba baƙo ba ne a nan, gama a watan Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wani ciwo na tunani, kamar matsananciyar damuwa, ko fargaba, ko firgicin da ke biyo bayan masifa. Ka ƙirga mutanen da ke kan bencinku ranar Lahadi. Ka tuna da maƙwabtanka Musulmi a sahun salla, gama harsashi ba ya tambayar addini, firgici ma haka. Idan amsar da na ba matar nan ita ce amsar ikilisiya, to, mun yanke wa jama'a mai yawa hukunci a kan abin da ba su zaɓa ba.

Yadda aka gina mu

Harshenmu kansa ya san inda tsoro yake zama. Mukan ce gabana ya faɗi, cikina ya ɗuri ruwa, tsikar jikina ta tashi, bakina ya bushe, gwiwata ta yi sanyi. In abin ya wuce kuma mu ce na yi ajiyar zuciya, hankalina ya kwanta. Kakanninmu ba su shiga ajin likitanci ba, amma sun lura da kyau, shi ya sa suka ce jiki magayi.

Masana sun gano cewa akwai wasu jijiyoyi a jikinmu masu aiki ba tare da izninmu ba. Su ne ke kula da bugun zuciya, da narkewar abinci, da zufa, ko muna farke ko muna barci. Kashi biyu ne, kamar totur da birki a jikin babur. Kashi na farko mai zaburarwa ne. Da ƙwaƙwalwa ta hango hatsari sai ya sa wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda su zuba sinadarin adirinalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, jini ya bar ciki ya tafi cinyoyi da damatsa, ido ya buɗe. Wani masani Ba'amurke, Walter Cannon, ya bayyana wannan a 1915, ya nuna cewa shiri ne na faɗa ko gudu. Wannan shirin ne ya ba matar nan ƙarfin saɓar ɗa a baya, ta riƙe wani a hannu, ta ratsa gonakin dawa cikin duhu har gari ya waye. Da ba don shi ba, da ba ta zo ƙofar majami'a ta yi mini tambaya ba.

Kashi na biyu mai kwantarwa ne. Babbar hanyarsa wata doguwar jijiya ce da ta fito daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya ta sauka zuwa zuciya da huhu da ciki, wadda sunanta a harshen Latin yake nufin mai yawo. Ita ce ke rage gudun zuciya, ta mayar da jini ciki, ta buɗe ƙofar barci. Ga kuma abin mamaki da za ka iya gwadawa yanzu: ɗora yatsu biyu a kan jijiyar wuyan hannunka ka saurara. Lokacin da kake shaƙar iska zuciya takan ɗan ƙara sauri, lokacin da kake fitar da ita takan ɗan lafa. Kowace fitar numfashi taɓa birki ce. Ba za ka iya umartar zuciyarka ta tsaya ba, ko ka hana zufa fita, amma numfashi ƙofa ce da Mahalicci ya bari a hannunka, wadda ta kai har cikin ɗakin da nufinka ba ya shiga.

To, me ke faruwa da wanda ya ga masifa? Hausawa sun amsa tun da daɗewa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sashen ƙwaƙwalwa da ke gadin rai ya fi tunani sauri. Ya riga ya rubuta cewa ƙarar babur mutuwa ce, saboda haka kafin matar nan ta tuna cewa ɗan acaba ne kawai yake wucewa, jikinta ya riga ya shirya gudu. Numfashi mai sauri kuma yakan rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri ya kama mutum, yatsunsa da leɓunansa su riƙa yi masa kamar tafiyar kiyashi, ƙirjinsa ya ɗaure, ya tabbata mutuwa ce ta zo ko kuwa jifa aka yi masa. Sabon tsoron ya ƙara wa numfashin sauri, abin ya yi ta juyawa. A ina zunubi ya shiga cikin wannan? Zunubi yana bukatar nufi. Wanda aka watsa wa yaji a ido ya yi hawaye bai saɓa wa kowa ba.

Yadda Allah ya bi da annabinsa

Ka koma ga karatunmu na yau, ka bi shi a hankali. Iliya ba ƙaramin mai bangaskiya ba ne. Jiya-jiyan nan ya tsaya shi kaɗai a bisa Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a wuta ta sauko. Amma da saƙon Yezebel ya iso cewa kashe shi za ta yi, sai ya ranta a na kare har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa cikin jeji tafiyar yini guda, ya zube a gindin wani ɗan itace ya roƙi mutuwa. Da a ce wurina ya zo a ranar Lahadin nan, da na ɗora masa azumi.

Dubi abin da Allah ya yi. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya zo ya taɓa shi. Da ya buɗe ido sai ga gurasa da aka gasa da tulun ruwa kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya, ba a kuwa tsawata masa ba. Aka sake taɓa shi, aka sake ciyar da shi. Sa'an nan ya yi doguwar tafiya da ƙafa, kwana arba'in, har Horeb. Sai a can, bayan barci da abinci da taɓawa da tafiya, Allah ya yi masa tambaya, ya kuma bar shi ya zazzage abin da ke cikinsa har sau biyu. Iska mai farfasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, amma Ubangiji bai zo masa ta cikinsu ba, sai ta wata siririyar murya. Mutumin da ya firgita ba ya bukatar a ƙara masa tsawa. A ƙarshe aka ba shi aikin yi, aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Wanda ya gina mutum daga turɓaya, ya hura masa numfashi a hanci, ya san ta inda ake fara gyaransa.

Ka kuma dubi Ubangijinmu Yesu a gonar Getsamani. Shi marar zunubi ne, bangaskiyarsa ba ta da tsaga, duk da haka baƙin ciki ya kayar da shi rubda ciki, Luka likita kuma ya rubuta yadda zufarsa ta yi ta ɗiga a ƙasa kamar jini. Ya nemi almajiransa uku su zauna kusa da shi a farke. Idan rawar jiki gaban mutuwa zunubi ce, da mun rasa Mai Ceto. Shi ne kuma wanda ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, wanda da ya tayar da 'yar Yayirus ya sa a ba ta abinci, wanda ya gasa wa Bitrus kifi a bakin teku tukuna kafin ya tayar da zancen da ke tsakaninsu.

Wataƙila ka ce, ai Littafi Mai Tsarki cike yake da umarnin kada a ji tsoro. Gaskiya ne. Amma ka saurari muryar da aka faɗe shi da ita. Idan tsawa ta firgita yaro da dare, uwarsa takan ce masa kada ya ji tsoro, tana faɗa tana jawo shi jikinta, tana bubbuga bayansa. Ba ƙara take shigarwa a kansa ba. Sau da yawa, inda Allah ya faɗi wannan kalma sai ya haɗa ta da alkawarin kasancewarsa tare da mutumin. Lallai akwai damuwar da Ubangiji ya tsawatar a kanta, wato wadda mutum yake kiwonta da kansa, yana lissafin gobe dare da rana kamar ba shi da Uba. Wannan tana bukatar tuba. Amma rawar da ta kama jikin wanda ya tsira daga bakin bindiga rauni ce, rauni kuwa ɗaure shi ake yi.

Harshen da jiki yake ji

Jiki ba ya jin wa'azi, yana da nasa harshen. Ga kaɗan daga cikin kalmominsa.

Na farko numfashi ne. Zauna, tafin ƙafarka a ƙasa, hannu ɗaya a kan cibiya. Shaƙi iska ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, har ka ji cikinka ya ɗaga hannun. Fitar da ita kana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Babban mutum yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wannan kuwa zai saukar da kai kusa da 6. Ka yi minti biyar da safe, biyar da yamma, tun kana cikin natsuwa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A 2001 wani likita a Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, suka ga numfashinsu ya sauka kusa da 6 a minti, zuciya da jijiyoyin jini kuma sun shiga aiki cikin tsari ɗaya. Ban kawo wannan don in mayar da addu'a maganin likita ba. Addu'a magana ce da Uba, ko ta kwantar da jiki ko ba ta kwantar ba. Na kawo shi ne don ka ga cewa wanda ya kira mu ga addu'a shi ne ya gina huhun da muke yin ta da shi. In ka so, sa 'yar gajeriyar addu'a cikin numfashin: da shaƙa ka ce a ranka "Ubangiji," da fitarwa ka ce "ga ni a hannunka."

Na biyu sakin tsoka ne. Mai fargaba yakan yini da ɗaurarrun kafaɗu da cijajjen haƙori bai sani ba. Wani likita Ba'amurke, Edmund Jacobson, ya koyar tun 1929 cewa mutum ya fi gane saki in ya fara ɗaurewa da gangan. Dunƙule hannuwanka da ƙarfi ka ƙirga biyar, sa'an nan ka sake su ka saurari bambancin. Ka yi haka da kafaɗu, da fuska, da ciki, da ƙafafu.

Na uku dawowa wurin da kake ne. Firgici yakan ɗauke mutum ya mayar da shi daren da abin ya faru. Buɗe ido ka ambaci abu biyar da kake gani: ga randa, ga tabarma, ga akuya, ga bishiyar dalbejiya, ga ɗana. Wanke fuska da ruwan sanyi. Wasu da suka ga masifa, rufe ido da sauraron numfashi ƙara musu firgici yake yi. Irin waɗannan kada a tilasta musu, su bar idonsu a buɗe, ko su fara da motsi.

Motsin kuwa yana cikin gidajenmu tun fil azal: daka, da surfe, da tankaɗe, da shara, da tafiyar ƙafa da yamma inda hanya take da aminci. Jikin da ya shirya gudu bai gudu ba yana neman inda zai sauke ƙarfin. Waƙa ma haka, gama mai rera waƙa dole ya ja numfashi ya sake shi a hankali. Sa'ad da zumuntar mata suke waƙa da ganga da tulu, suna rausaya tare, yabo suke yi, jinya kuma tana gudana ba su sani ba.

Sa'an nan barci da abinci. Ka rage goro da shayi mai ƙarfi in rana ta yi sanyi. Ka daina kallon bidiyon gawawwaki da ake turowa ta WhatsApp kafin ka kwanta, ka kuma daina tura wa wasu, gama mai gadin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ya bambanta hoto da zahiri sosai. Kada kuma a ɗora wa marar barci, marar ci, dogon azumi. Ni na yi, na ga sakamakonsa.

Babbar kalma a harshen jiki ita ce mutum. Jinjiri ba ya kwantar da kansa, a bayan uwarsa yake samun natsuwa, mu manya ma ba mu rabu da wannan ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu ciwon tunani suke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani danginsu, maimakon a kulle su, duniya kuwa ta zo ta koya daga gare shi. Ka zauna kusa da mai firgici, muryarka ƙasa-ƙasa, kada ka matsa masa ya ba da labari. Mu a ikilisiya muna saurin tsayar da wanda aka sako daga daji a gaban jama'a ya ba da shaida, alhali jikinsa bai gama dawowa gida ba. Madatsar Bakolori tana riƙe da ruwa mai yawa, amma ta ƙofofi ake sakinsa kaɗan-kaɗan, ya bi magudanai ya zama shinkafa a fadamun Mafara da Bakura. Da za a fasa bangon a rana ɗaya, da ambaliya za a samu. Ka bar mai labari ya riƙe mabuɗin ƙofarsa.

Akwai kuma inda dole a nemi likita. Bugun zuciya da ciwon ƙirji suna iya fitowa daga ƙarancin jini, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, sai an auna ake sani. In firgici ya wuce wata guda yana hana mutum barci da aiki, ko ya fara zancen gara ya mutu, to, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, ba na masu yawo a bola kaɗai ba ne, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. A Janairun 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa mai irin wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci. Abin gudu shi ne sayen ƙwayar barci ko tiramol a kemis ba da takardar likita ba. Suna rufe bakin mai gadi na dare ɗaya, su mayar da mutum bawa na shekaru.

Amma ai hatsarin bai wuce ba

Ga ƙalubale mafi nauyi, ba kuwa zan kauce masa ba. Wani zai ce: Fasto, kana koya wa mutane numfashi alhali har yanzu ana tare hanya, ana sa wa ƙauyuka haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Ba lallashin tunkiya kake yi a kan hanyar mahauta ba?

Numfashi ba ya tare harsashi, ba ya kuma sauke wa masu mulki nauyin da ke wuyansu na kare rayuka. Ikilisiyar da ta koya wa mutane natsuwa ta yi shiru a kan zalunci ta yi rabin aiki. Tsoron da ke gaya maka kada ka bi wata hanya bayan la'asar mai gadi ne, ka saurare shi. Amma ka yi tunani a kan mai gadin da ya kwana bakwai bai runtsa ba. Kowace inuwa ɓarawo ce a idonsa, ranar da ɓarawon gaske zai zo kuwa ƙarfinsa ya ƙare. Jikin da ya san hutu shi ne ke iya rarrabe ƙarar ɗan acaba da ta ayarin mahara, ya tuna inda ya ajiye yara, ya yanke shawarar da za ta ceci gida.

Akwai kuma dalili na ɗabi'a. Tsoron da ba a yi jinyarsa ba ba ya zama wuri ɗaya, yakan nemi wanda zai sauka a kansa. Yakan sauka a kan yaron da ya zubar da ruwa, ko matar da ta makara da tuwo. Yakan zama jita-jita da ke tashin kasuwa. Mun ga yadda a ƙasar nan aka far wa mutane saboda kamanninsu ko harshensu kawai, ramuwa kuma ta haifi ramuwa. Mutumin da jikinsa ke cikin shirin faɗa ko gudu ba ya iya ganin maƙwabci, abokin gaba kawai yake gani. Saboda haka wanda ya zauna minti biyar ya kwantar da numfashinsa kafin ya buɗe baki, ko kafin ya ɗaga hannu, yana kan hanyar cika umarnin ƙaunar maƙwabci. Kula da jikinka amana ce, domin wasu suna zaune a inuwarsa.

Matata ce ta gyara ɓarnar da na yi. Ba ta yi wa matar nan wa'azi ba. Takan je da yamma da ƙwaryar fura, su zauna, su yi surfe tare, wani lokaci su rera waƙa, wani lokaci su yi shiru. Ta raka ta asibiti, aka tarar har da ƙarancin jini, aka ba ta magani, wata ma'aikaciyar jinya kuma ta koya mata numfashin nan. Ni ma na je na ce, "Mama, na yi miki kuskure, ki gafarce ni." Ta ce, "Haba Baba, ya wuce." Ba zan ce maka ta warke sarai ba. Har yanzu in babur ya wuce da gudu takan zabura, sai ka ga ta ɗora hannu a ciki, leɓunanta suna motsi. Amma tana barci, tana kuma zuwa sujada. Kusa da ƙofa take zama, inda take ganin hanyar fita, na kuma roƙi masu tsara zama kada kowa ya tashe ta daga wurin.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, in kai ne mai rawar jikin, Ubangiji bai yi fushi da kai ba. Ka ci abinci, ka kwanta, ka bar wani ya zauna kusa da kai. In kuwa kai ne aka zo wa da tambaya a bakin ƙofa, ka tuna da gurasa da tulun ruwa kafin ka buɗe baki.

Addu'a: Ya Uba, kai ka gina mu, ka san ƙasusuwanmu da jijiyoyinmu. Ka dubi waɗanda barci ya ƙaurace wa a Mafara da Bakura da Maradun da dukan ƙasarmu, Kirista da Musulmi. Ka komo da waɗanda ke hannun mahara, ka juyo da zukatan masu ɗaukar makami, ka ba shugabanni tsoronka. Ka gafarta mana inda muka ɗora wa raunana kaya. Ka koya mana mu karɓi kowane numfashi daga hannunka, mu kuma zama wurin hutawa ga juna. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.